Sunana ne, amma ban rantse ba: fashin baƙi kan ƙagaggen tarihin kai

A watan Mayu na 1906, a birnin Paris, wata Bajamushiya mai zane, Paula Modersohn-Becker, ta zana hoton kanta. A cikin zanen tana tsaye babu riga, farin ƙyalle ɗaure a ƙugunta, doguwar sarƙar duwatsu masu ruwan zuma a wuyanta, hannu ɗaya a saman cikinta ɗaya a ƙasa, irin riƙon da mai juna biyu ke yi. Cikin ya fito sosai. A kusurwar ƙasa ta rubuta cewa tana da shekara 30, kuma ranar zagayowar aurenta ta yi zanen. Sai ta sa hannu da haruffa biyu, P.B., wato sunanta na gidan ubanta, ta ajiye na miji gefe. Abin da ya sa har yau ake magana a kan zanen shi ne, a ranar ba ta da ciki. Tun watan Fabrairu ta baro mijinta a Jamus don ta fuskanci zane kawai. Sai a shekarar da ta biyo baya ta samu juna biyu, ta haihu a Nuwamban 1907, ta rasu kafin jaririyar ta cika mako uku.

To ƙarya ta yi ke nan? Fuskar tata ce, sunan nata ne, shekarun ma daidai ne. Cikin kaɗai ta ƙaga. Ba don ta yaudari wani ta ƙaga shi ba, domin a lokacin rayuwarta kusan ba wanda ya san da zanen. Wani abu ne da ke cikin ranta, fata ko tsoro ko duka biyun, ta ba shi jiki ta sa masa sunanta. Wannan aiki, a ɗauki rayuwar kai da suna na gaskiya a cuɗa ta da abin da bai faru ba, shi ne ƙagaggen tarihin kai. A adabi aka raɗa masa suna, shekara 71 bayan wannan zane.

Yadda aka yi shi ne, a 1975 wani manazarci Bafaranshe, Philippe Lejeune, ya zauna ya tsara abin da ya raba tarihin rayuwa da ƙagaggen labari. Ya ce ba salo ne ya raba su ba, alƙawari ne. Idan sunan da ke bangon littafi shi ne sunan mai ba da labari, kuma shi ne sunan tauraron labarin, to marubuci ya ɗaukar wa mai karatu alƙawarin faɗin gaskiya gwargwadon saninsa. Idan kuwa an rubuta cewa ƙagagge ne, an kuma ba tauraro wani suna daban, babu wanda zai kama marubuci da laifin ƙarya. Lejeune ya zana jadawali na yadda abubuwan nan ke haɗuwa, ya bar wani gurbi babu komai: littafin da ya ce shi ƙagagge ne alhali tauraronsa na ɗauke da sunan marubuci. A 1977 Serge Doubrovsky, malamin adabi da ke koyarwa a Amurka, ya fitar da littafinsa Fils da niyyar cike wannan gurbi, ya kira abin da ya yi autofiction, wato ƙagaggen tarihin kai. A bayan bangon littafin ya faɗi dalilinsa: tarihin rayuwa gata ne na manyan mutane, waɗanda kan rubuta shi a yammacin rayuwarsu cikin ƙasaitaccen salo. Shi da ba kowa ba, ta ƙofar ƙage zai shigo da rayuwarsa.

Namiji ne ya raɗa sunan, amma dalilin nan da ya bayar ya fi zama daidai da halin da mata suka daɗe a ciki. Kuma sun riga shi yin aikin da ƙarnoni. A Japan, wajejen shekarar 974, wata mata a cikin manyan gidajen sarauta ta rubuta Kagero Nikki, labarin shekara 20 na aurenta da wani babban mutum mai mata da yawa, na jiran zuwansa da dare da rashin zuwansa. Ta buɗe littafin da kiran kanta «wata mata», ta ce tsofaffin labaran soyayya da take karantawa duk ƙarya ce, ƙila labarin rayuwarta maras armashi ya fi amfani. Shekara dubu ke nan ana karanta ta, amma sunanta na yanka bai iso mu ba. Da sunan ɗanta aka san ta, uwar Michitsuna.

A nan masu rajin 'yancin mata suka shigo maganar, kuma ƙorafinsu na farko mai sauƙi ne: a tarihin fasaha mace ta cika ko'ina a matsayin wadda ake kallo, ta yi ƙaranci a matsayin mai kallo. Akwai wani zane da ya nuna wannan fiye da duk wani dogon bayani. Lokacin da aka kafa makarantar masu zane ta masarautar Ingila a Landan a 1768, akwai mata biyu cikin waɗanda suka kafa ta, Angelica Kauffman da Mary Moser. Bayan 'yan shekaru Johann Zoffany ya zana 'yan majalisar makarantar gaba ɗaya, suna taru a ɗakin da ake koyon zanen jikin mutum, ga maza biyu da ake zanawa a gabansu. Ba a yarda mace ta shiga irin wannan ɗaki ba. Don haka maza suna tsaitsaye da zazzaune suna hira, matan biyu kuwa aka mai da su hotuna biyu rataye a bango.

A 1971 masaniyar tarihin fasaha Linda Nochlin ta yi fitacciyar tambayarta, me ya sa ba a samu manyan masu zane mata ba, ta amsa da cewa a duba makarantu da dokokinsu kafin a duba ƙwaƙwalwar mata. Wanda aka hana koyon zanen jikin mutum an hana shi manyan ayyukan da ake samun suna da su. John Berger a 1972, da Laura Mulvey a 1975 kan finafinai, suka ƙara da cewa an tsara hoton mace ne don idon namiji, har ita kanta macen ta koyi kallon kanta da wannan ido. A 1989 ƙungiyar mata masu fasaha ta Guerrilla Girls ta shiga babban gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a New York ta yi ƙidaya: ƙasa da kashi 5 cikin 100 na masu zanen da ke sashen fasahar zamani mata ne, amma kashi 85 cikin 100 na tsirarun jikkunan da ke rataye na mata ne. A adabi ma haka. Marubuta mata sun ari sunayen maza: Mary Ann Evans ta zama George Eliot, Aurore Dupin ta zama George Sand. Marubuciyar Faransa Colette kuwa, littattafanta na farko daga 1900, waɗanda ta ɗebo daga ƙuruciyarta a makarantar ƙauye, da sunan mijinta suka fito, kuma shi ya sayar da haƙƙin mallakarsu.

Duk wannan ya bayyana abin da ya sa mace za ta so ta ce «ni». Bai bayyana abin da ya sa za ta sa ƙage a ciki ba, kuma wannan ce tambayar da ta fi wuya. In dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, me zai sa mai waƙar ta canja baiti?

Wani lokaci kariya ce zalla. Buchi Emecheta, wadda ta yi renon 'ya'ya biyar ita kaɗai a Landan, ta ba kanta suna Adah a littattafanta biyu na farko, na 1972 da 1974. Mijin Adah ya ƙone rubutunta na farko, kamar yadda mijin Emecheta ya ƙone nata, amma sunan aro ya ba ta damar faɗin abin ba tare da ta tsaya a matsayin mai ƙara ba. Marubuciyar Senegal da aka sani da Ken Bugul, da za a buga labarin zaman da ta yi a Turai, a 1982, maɗaba'a ce ta nemi ta ɓoye sunanta saboda tsoron abin da zai biyo baya. Wani lokaci kuma dalilin ya fi wannan zurfi. Tsarin tarihin rayuwa da aka gada yana da hanyarsa: an haife ni, na yi karatu, na sha wuya, na yi nasara, ga darasi. Rayuwar da aka yi tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin girki da jinyar iyaye ba ta bin wannan layi, idan aka tilasta mata bi sai ta zama ƙarya ko da kowace jimla a cikinta gaskiya ce. Shi ya sa Audre Lorde, Baƙar fata Ba'amurkiya, da ta rubuta rayuwarta a 1982 ta ƙi kiran littafin tarihi, ta ce gauraye ne na tarihi da rayuwa da almara. Sannan ga tunawa kanta. Wanda ya rubuta hirar da aka yi a gabansa yana ɗan shekara bakwai, kalma bayan kalma, ƙaga ta ya yi, ko ya amsa ko bai amsa ba. Mai ƙagaggen tarihin kai ya amsa ne tun daga bango.

Wadda ta fi kowa cancantar a tsaya a kanta ita ce Annie Ernaux, duk da cewa ita ba ta son a sa ta cikin wannan rukuni. An haife ta a 1940, ta tashi a Yvetot a yankin Normandi na Faransa, inda iyayenta ke da ƙaramin kanti haɗe da wurin shan gahawa. Karatu ya ɗaga ta daga cikin talakawa ya kai ta cikin masu ilimi, kuma kunyar wannan tsallake ita ce jigon aikinta kusan duka. Littattafanta uku na farko ƙagaggu ne. Da mahaifinta ya rasu ta fara rubuta ƙagaggen labari a kansa, sai ta ji ƙyamar abin tun tana tsakiya, ta ajiye. Ta ga cewa ƙawata rayuwar mutumin da ya yi ta fama da neman na yau da gobe cin amana ne. Littafin da ya fito a 1983, La Place, ta rubuta shi da irin harshen da take rubuta wa iyayenta wasiƙa da shi: gajerun jimloli, babu ado, babu neman tausayi.

A 2000 ta rubuta yadda aka zubar mata da ciki a ɓoye tana ɗaliba 'yar shekara 23, fiye da shekara 10 kafin dokar 1975 ta halatta hakan a Faransa. Ko mene ne ra'ayin mai karatu a kan zubar da ciki, abin lura shi ne yadda ta yi rubutun. Tana dakatar da labarin ta faɗi abin da ta samu a littafin ajiyarta, inda take rubuta abubuwan yau da kullum a lokacin, ta ware shi daga abin da take tunawa kawai, kamar mai ba da shaida da ke tsoron ƙari. Ba neman a yafe mata take ba, ba kuma neman a jinjina mata ba. So take abin da ya sami dubban 'yan mata, wanda likitoci da dokoki da maza suka yi ta magana a kansa, ya samu rubutu daga bakin wadda ya faru a jikinta. Wannan shi ne ma'anar taken da 'yan gwagwarmayar mata a Amurka suka yaɗa daga 1970, cewa abin da ake kira sirrin gida shi ma siyasa ne.

Daga nan sai ta yi abin da ya fi ba ni mamaki a duk aikinta. A littafinta na 2008, Les Années, wanda ya bi rayuwarta tun daga yaƙin duniya na biyu, babu «ni» ko ɗaya a matsayin mai ba da labari. Akwai «ita», akwai «mu», akwai «aka». Takan ɗauki tsohon hoto, ba ta buga shi a littafin ba, sai ta siffanta yarinyar da ke ciki kamar baƙuwa, rigarta, tsayuwarta, abin da mai yiwuwa take tunani, sannan ta koma kan tallace-tallace da waƙoƙi da hirar teburin cin abinci na shekarar. Marubuciyar da ta fi kowa rubuta kanta ita ce ta fi kowa janye kanta. A 2022 ta zama Bafaranshiya ta farko da ta samu kyautar Nobel ta adabi.

Sai dai ba kowace ce ta tsira haka ba, kuma a nan ne masu rajin 'yancin mata ke da hujja mai ƙarfi, cewa ba da ma'auni ɗaya ake auna «ni» na namiji da «ni» na mace ba. Tsakanin 2009 da 2011 Karl Ove Knausgaard na Norwe ya fitar da rayuwarsa a juzu'i shida, shafi kusan 3,600, har da canja wa jariri ƙunzugu da wanke kwanuka da tura keken yara. An sayar da kusan kwafi rabin miliyan a ƙasar da mutanenta suke wajen miliyan biyar, masu sharhi suka riƙa kwatanta shi da shahararren marubucin Faransa Marcel Proust. Gaskiya ne shi ma ya sha suka, musamman daga dangin mahaifinsa, amma sukar ta tsaya ne kan ko yana da haƙƙin tona asirin mutane. Ba a ce shi ba marubuci ba ne. A daidai wannan lokaci Rachel Cusk a Ingila, wadda ta riga ta sha zagi a 2001 don ta rubuta cewa zama uwa akwai ƙunci da kaɗaici, ta fitar da ɗan ƙaramin littafi kan mutuwar aurenta a 2012. Aka yi mata ca. Ba littafin aka yi wa shari'a ba, halinta aka yi wa: mai son kai, mai ji da kai, wace irin uwa ce wannan. Ɗaya daga cikin sharhohin da aka yi mata har kyauta ya ci ta sharhi mafi zafi na shekara, kuma mace ce ta rubuta shi, abin da ke nuna ma'aunin ba a hannun maza kaɗai yake ba.

Martanin Cusk shi ne littafinta Outline na 2014 da biyun da suka bi shi. Mai ba da labarin marubuciya ce da aurenta ya mutu, mai 'ya'ya biyu, ta tafi Atina koyar da rubutu. Kusan ba ta cewa komai game da kanta. Mutane ne ke ta zuba mata labarinsu, maƙwabcin kujera a jirgi, ɗalibai, abokai a wurin cin abinci, ita kuwa tana saurare. Sau ɗaya tak ake ambaton sunanta a kowane littafi. Amma mai karatu yana gama littafin ya san ta sarai, ta hanyar abin da ta zaɓa ta ji da abin da ta bari ya wuce. Waɗannan littattafai ne suka dawo mata da martabarta, kuma akwai ɗaci a cikin hakan: sai da ta yi shiru aka saurare ta.

Masu ɗaukar hoto sun bi wata hanyar, ta wasa da mai kallo. Daga 1977 zuwa 1980 Cindy Sherman ta ɗauki kanta hotuna kusan 70, baƙi da fari, kowanne kamar an yanko shi daga wani tsohon fim: matar gida a bakin wurin wanke-wanke, baƙuwa a babban birni, yarinya da akwati a gefen hanya. Babu fim ko ɗaya, kuma ta sha cewa hotunan ba nata ba ne duk da jikinta ne. Abin da ta nuna shi ne mun riga mun san waɗannan mata kafin mu gan su, domin an daɗe ana sayar mana da su. Sophie Calle kuwa, da saurayinta ya aiko mata saƙon rabuwa ta imel, sai ta raba saƙon ga mata 107, kowacce ta karanta shi da idon sana'arta. Mai gyaran rubutu ta bi shi da jan alƙalami, masaniyar shari'a ta duba shi kamar takardar warware yarjejeniya, mai harbi ta kafa shi ta ɗirka masa harsashi, har da aku aka miƙa wa takardar. Aka baje duka a babban bikin fasaha na Venis a 2007. Amsar Calle ta kanta ba ta cikin tarin. A 2014 kuma Amalia Ulman ta shafe watanni tana wallafa rayuwar da ta ƙaga a Instagram, budurwa mai neman suna, tiyatar gyaran jiki da ba a yi ba, rushewa, tuba, murmurewa. Dubban mutane suka gaskata, wasu suka zage ta, wasu suka tausaya, sannan ta sanar cewa shiri ne.

Idan aka jera waɗannan mata, abin da na gani shi ne an yi wa wannan fanni mummunar fahimta da aka ɗauke shi a matsayin fallasa kai. Masu kushe shi suna cewa tonon silili ne da aka yi wa bango, masu yabonsa suna cewa jarumta ce a faɗi komai, kuma dukansu sun ɗauka darajar aikin tana cikin yawan abin da aka tona. Mafi ƙarfin ayyukan nan kuwa ƙarfinsu yana cikin riƙo ne, wa ya zaɓi abin da za a gani, daga wace kusurwa, a ina aka yanke. Macen da aka zana tsirara da macen da ta zana kanta tsirara, jikin na iya zama iri ɗaya. Hannun da ke riƙe da burushi ne ya bambanta.

Amma wannan hujja tana da ƙaya, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Idan laifin tsohon tsari shi ne wani ya riƙe alƙalami ya rubuta ki ba da izininki ba, to duk mai rubuta rayuwarta tana yi wa wasu haka. Babu wanda ke rayuwa shi kaɗai. Uwa tana ciki, tsohon miji yana ciki, 'ya'yan da ba su kai shekarun cewa a'a ba suna ciki. A 2013 wata kotu a Paris ta umarci Christine Angot da maɗaba'arta su biya yuro 40,000 ga wata mata, tsohuwar abokiyar zaman mutumin da Angot ke tare da shi, wadda ta gane kanta da rikicin gidanta a cikin littafin da aka kira ƙagagge. Mace ce ta rubuta, mace ce aka cuta, kuma ɗaya tana da maɗaba'a ɗaya ba ta da ita. A Norwe Vigdis Hjorth ta fitar da ƙagaggen labari a 2016 kan rigimar gado da zargin cewa uba ya ci zarafin 'yarsa. Ta ce ƙage ne, danginta suka ce kowa ya gane su. A shekarar da ta biyo baya 'yar'uwarta ta mai da martani da nata ƙagaggen labarin, inda 'yar'uwa marubuciya ce maƙaryaciya. Matar Knausgaard ta lokacin, Linda Boström Knausgård, wadda duniya ta karanta ciwon ƙwaƙwalwarta daga alƙalamin mijinta, ita ma ta rubuta nata a 2019. Kalmar «ƙagagge» a bango tana ba marubuci ƙofa biyu: idan an yaba ya ce rayuwata ce, idan an kai ƙara ya ce labari ne. Wanda aka rubuta ba shi da ko ɗaya.

Ba na jin wannan ya rushe fannin, amma ya nuna cewa tambayar «ya faru ko bai faru ba» ba ta isa ba. Sai an ƙara da wa ke da ƙarfi a kan wa. Labarin Vanessa Springora a Faransa ya fito da wannan fili. Tana 'yar shekara 14 wani sanannen marubuci, Gabriel Matzneff, mai shekara kusan 50, ya yaudare ta, ya kuma sa ta cikin littattafansa da kundin ajiyarsa da ake bugawa, har da wasiƙunta. Shekara da shekaru yana rubuta irin wannan a fili da sunan adabi, ana gayyatarsa talabijin, har kyauta aka ba shi a 2013. Rubutun kai ne shi ma, kuma rigar fasaha ce ta kare shi. A Janairun 2020 Springora ta fitar da nata littafin, ta kira shi G., ta kira kanta V., ta ce niyyarta ta kama maharbi da tarkonsa, ta kulle shi a cikin littafi. Cikin 'yan kwanaki masu gabatar da ƙara suka buɗe bincike, maɗaba'arsa ta daina sayar da kundin nasa, kuma littafin na cikin abubuwan da suka tura Faransa ta kafa dokar 2021 da ta sa shekara 15 a matsayin iyakar da ƙasa da ita babu maganar yaro ko yarinya sun amince da jima'i da babba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Akwai kuma kasuwa, wadda ta gano tuni cewa raunin mace yana sayuwa. Da zarar «faɗi naki» ya zama abin da maɗaba'u ke nema, 'yancin ya fara komawa wajibi. Marubuciya matashiya, musamman in ta fito daga Afirka ko daga cikin baƙin haure a Turai, takan tarar ana karanta ƙagaggen labarinta kamar rahoto kan al'ummarta, kuma tambayar farko a kowace hira ita ce nawa ne ya faru da ke a ciki. Namiji ya ƙaga duniya a ce yana da basira, mace ta ƙaga a ce ina ta gani. Marubuciyar Italiya da aka sani da Elena Ferrante ta ƙi wannan ciniki gaba ɗaya, ta ɓoye kanta tun littafinta na farko a 1992, ta ce littafi in an gama shi ba ya bukatar marubucinsa. A 2016 wani ɗan jarida a Italiya ya bi sawun kuɗin da maɗaba'arta ke biya da takardun sayen gidaje don ya fallasa ko wace ce. Wadda ta nuna kanta an zage ta, wadda ta ɓoye an bi ta har gida.

Rigimar da ta fi nuna yadda abin ya cakuɗe tsakanin mata biyu ta faru, kuma maɗaba'arsu ɗaya. A 1995 Camille Laurens ta rubuta ɗan gajeren littafi kan ɗanta da ya rasu sa'o'i kaɗan bayan haihuwa. A 2007 Marie Darrieussecq ta fitar da ƙagaggen labari inda wata uwa ke ba da labarin mutuwar ɗanta da bakinta, alhali ita Darrieussecq ba ta taɓa rasa ɗa ba. Laurens ta fito fili ta zarge ta da satar abin da ke cikin ranta, ta ce akwai baƙin cikin da ba a shiga rigarsa don nishaɗin rubutu. Darrieussecq ta ce idan sai wanda ya ɗanɗana abu ne kaɗai zai rubuta shi, to an kashe ƙagaggen labari, kuma an mai da mace gidan jiya, inda ba a yarda ta san komai ba sai abin da ya sami jikinta. Kowaccensu tana kare wani abu da mata suka sha wuya kafin su samu, ɗaya haƙƙin mallakar labarinta, ɗaya haƙƙin ƙaga na wani. Mai maɗaba'ar ya goyi bayan Darrieussecq, ya daina buga Laurens. A farkon 2010 duka biyun suka fitar da littafi kan rigimar. Darrieussecq, mai kare ƙage, nazari ta rubuta kan tarihin zargin satar fasaha. Laurens, mai kare abin da ya faru da gaske, ƙagaggen labari ta rubuta, game da wata marubuciya da maɗaba'arta ta kora.